Daga Gangar Mai Zuwa Buhun Citta: Abin da Madakiya Ke Buƙata Daga Man Fetur

Duk lokacin da aka tayar da maganar man fetur a Najeriya, tambaya ɗaya ce ke cin kasuwa: nawa ne lita? A kanta aka yi zanga-zangar watan Janairun 2012, lokacin da farashi ya tashi daga naira 65 zuwa 141 kafin a sasanta a kan 97. Ita ce ta sake tasowa a watan Mayun 2016 da lita ta koma naira 145, ita ce kuma ta cika bakin kowa tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafi, farashi ya bar ƙasa da naira 200 ya kai 500 da 'yan kai cikin kwanaki kaɗan, ya kuma tsallake 1,000 a watan Oktoban 2024. Babu laifi talaka ya damu da wannan lissafi, domin aljihunsa ne ke biya. Sai dai yawan zura wa famfon gidan mai ido ya sa mun manta cewa fetur kashi ɗaya ne kawai daga cikin abin da ɗanyen mai ke bayarwa. Madakiya, da ke ƙasar Bajju a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, 'yar tafiya kaɗan daga Kafanchan, wuri ne da ya dace a auna wannan magana. Babu rijiyar mai a nan, babu babbar masana'anta, amma da wuya a nuna sana'a ɗaya a garin da ba ta jingina da mai ba. Ra'ayina shi ne, mai ya fi yi wa garin manoma amfani a inda ake sarrafa shi ya zama kaya, ko ake ƙona shi don noma da dako, kuma ƙasar nan ta daɗe tana zuba dukiyarta a ɓangaren da ake iya samar wa madadi, ta bar ɓangaren da ba shi da madadi yana lalacewa.

Ɗanyen mai yadda yake fitowa daga ƙasa ba ya tayar da mota, ba ya kunna fitila. Gaurayen sinadarai ne masu tarin yawa, wasu marasa nauyi da ke saurin bin iska, wasu masu kaurin da ba sa sakin jiki sai sun ji wuta. A matata ana dafa shi har wajen digiri 350, tururinsa ya shiga wata doguwar hasumiya wadda gindinta ya fi samanta zafi, kowane kashi ya koma ruwa a matakin da ya dace da nauyinsa. Daga can ƙoli ake samun gas ɗin girki, ƙasa da shi nafta wadda ake yin fetur da robobi da ita, sai kananzir da man jirgin sama, sai dizal. A gindi kuma ragowar mai kauri ke taruwa, kuma daga cikinta ake fitar da man juye, da giris, da kakin kyandir, da baƙin man da ake hura tukwanen masana'antu da jiragen ruwa da shi, da kwalta. Aikin ya yi kama da na mahauci: wanda ya yanka sa ya sayar da tsoka kaɗai, ya zubar da fata da kitse da ƙashi da kayan ciki, bai san darajar abin da ya yanka ba. Ganga ɗaya lita 159 ce, kuma yawan kowane kashi a cikinta ya danganta da irin ɗanyen man da irin injinan matatar. Man Najeriya, irin su Bonny Light, mara nauyi ne, yana ba da fetur da dizal da yawa, amma gindinsa ba ya ba da kwalta da man juye na kirki.

Tarihin Kafanchan ya nuna yadda wannan yanki ya shiga hannun mai sannu a hankali. Layin dogo ne ya raya garin, bayan da a 1927 ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi, da wanda ya nufi Kaduna, da reshen da ya hau tudun Jos. Jiragen wancan zamani da kwal ɗin Inugu suke tafiya. Daga shekarun 1950 kawunan dizal suka fara karɓe aikin, a daidai lokacin da aka samu mai a Oloibiri a 1956, aka kuma fara fitar da shi waje a 1958. Da kuɗin mai ya yawaita a shekarun 1970, sai gwamnati ta karkata ga shimfiɗa tituna, reluwe ta yi ta ja da baya, har dakon kaya kusan gaba ɗaya ya koma kan tirela da manyan motoci. A yau duk abin da zai shiga Madakiya ko ya fita daga cikinta, ko ta Zonkwa da Kachia zuwa Kaduna, ko ta Kwoi da Keffi zuwa Abuja, ko ta Gidan Waya zuwa Jos, yana tafiya ne a kan 'ya'yan mai huɗu a lokaci guda: kwalta a ƙasa, dizal a tanki, man juye a inji, da taya wadda babban kaso na robarta da baƙin garin da ke ƙarfafa ta daga mai ake yin su. Uku daga cikin huɗun nan ba a ambatarsu a muhawarar tallafi, amma in ɗaya ya yi ƙaranci, tafiya ta tsaya.

Babu abin da zai fi fito da wannan dogaro fili kamar citta, amfanin gonar da ya fitar da sunan Kudancin Kaduna a kasuwannin duniya. Manomi yakan shuka ta da saukar damina, ya rufe ta da ganye, ya yi mata feshin maganin ciyawa daga tankin roba da yake goyawa a baya, kuma maganin kansa daga sinadaran mai ake haɗa shi. Yana zuba mata taki, domin citta shuka ce mai ci, ga shi ruwan saman yankin mai yawa ne, yana wanke abincin ƙasa. Idan kaka ta yi, a haƙe ta, a tsaga, a shanya a kan duwatsu ko a kan tamfol, a ɗura a buhun roba, a ɗinke da zaren roba. Babur ne ke fito da ita daga gona inda mota ba ta shiga, motar dako ta kai ta kasuwar Kafanchan ko Kachia ko Kwoi, tirela ta kwashe zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, jirgin ruwa mai shan baƙin mai ya wuce da ita Indiya ko ƙasashen Larabawa ko Turai. Daga gona zuwa teku, fetur bai shigo ba sai a kan babur da ƙaramar mota. Sauran matakan duka na dizal ne, da taki, da magani, da roba, da kwalta. A daminar 2023, lokacin da cutar ruɓa ta cinye mafi yawan cittar yankin, manoma sun haɗu da bugu biyu a shekara ɗaya, ga asarar iri ga tsadar kayan aiki, kuma abin da ya hana da yawansu komawa gona da ƙarfinsu shi ne kuɗin iri da taki da maganin feshi.

Taki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne babbar gadar da ke tsakanin rijiyar mai da tukunyar tuwo. Yuriya, farin takin da ake zuba wa masara, kashi 46 cikin ɗari na nauyinta naitirojin ne, kuma ana yin ta ne daga amoniya, wadda ake samu ta hanyar haɗa naitirojin ɗin da ke cikin iskar da muke shaƙa da haidirojin da ake ciro shi daga iskar gas, bisa dabarar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar a Jamus tsakanin 1909 da 1913. Wani zai ce ai wannan gas ne, ba ɗanyen mai ba. Haka ne, amma a Neja Delta sau da yawa daga rijiya ɗaya suke fitowa, kuma gas ɗin da ke biyo mai shi ne wanda aka shafe shekaru ana ƙonawa a banza, har Najeriya ta kasance cikin ƙasashe goma da suka fi kowa wannan ɓarna a duniya. Yanzu ƙasar tana da manyan masana'antun yuriya, na Indorama a Eleme da na Ɗangote a Lekki, wanda aka buɗe a watan Maris na 2022 da ƙarfin tan miliyan uku a shekara. Abin da ake yi ya wuce abin da manoman ƙasar ke saye, har ana sayar wa ƙasashen waje. Duk da haka manomin Madakiya yana sayen buhu da tsada, domin farashin yana bin na kasuwar duniya, kamar yadda aka gani bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, kuma a kan kowane buhu akwai kuɗin dizal ɗin da ya ɗauko shi daga bakin teku. Shirin takin da gwamnatin tarayya ta ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, wanda ya sauko da buhun kamfa zuwa naira 5,500 na wani lokaci, ya nuna cewa ana iya taɓa farashin idan an so.

A cikin gida kuwa, labarin kananzir ya isa darasi. Shekaru da yawa shi ne man talaka: risho, fitilar ƙwai, aci-balbal, da ɗan abin da ake yayyafawa a hura itace. A takarda litarsa naira 50 ce har zuwa watan Janairun 2016, ko da yake ba kowa ya taɓa samun sa a haka ba. Da aka sake shi ga kasuwa, ga kuma matatun gwamnati sun daina aiki, sai ya yi ta hawa har ya wuce naira 1,000 a ƙarshen 2022. Ɓangaren haske bai sha wahala ba, domin tocila da fitilar caji da 'yar farantin sola sun riga sun kori fitilar ƙwai, kuma sun fi ta haske da tsabta. Ɓangaren girki ne ya rasa mafita. Mai hali ya sayi tukunyar gas, mara hali ya koma ga itace da gawayi. Kudancin Kaduna na cikin wuraren da suka rage da itatuwa a Arewa, irin su dajin Nimbia da na Kagoro da Nindam, kuma buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titunan yankin ba mutanen ƙauye kaɗai suke yi wa hidima ba, har da Abuja da Kaduna. Wato tsadar makamashin girki a birni ana biyan ta ne da itatuwan karkara, da kuma ƙirjin matan da ke shaƙar hayaƙi safe da yamma. Gas ɗin girki, wanda amfani da shi a ƙasar ya kai tan miliyan ɗaya a 2020, shi ne ɗan man da ya fi cancantar a sauƙaƙa wa gidaje.

Sai kuma kayan da ba a ƙonawa, waɗanda sabo ya sa ba a danganta su da mai. Bokiti da jarka da kujerar roba da ake jerawa a coci da wurin biki, silifa, katifar soso, tankin ruwa, bututun rijiyar burtsatse, rigar wayar lantarki, ledar ruwan sha, fentin ɗaki, yadin da ake ɗinka wa 'yan makaranta, gidan sauro, man basilin da ake shafa wa yara lokacin hunturu, garin sabulun wanki, duk daga ganga ɗaya suke da fetur. A asibitin Kafanchan ko ƙaramin asibitin ƙauye, sirinji da robar ƙarin ruwa da ledar jini da safar hannu da kwalaben magani na roba ne, kuma magunguna irin su farasitamol da asfirin daga sinadaran da ake samu a mai ake fara haɗa su. Ko man gyaɗa da na waken soya da manyan kamfanoni ke tatsa, da wani ruwan mai mara nauyi ake tsotso shi daga cikin tunkuza. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa masana'antun sinadarai suna cin kashi 14 cikin ɗari na man da duniya ke amfani da shi, kuma su ne za su jawo fiye da kashi ɗaya bisa uku na ƙarin buƙatar mai zuwa 2030. Kason ƙarami ne a ma'aunin lita, amma a nan ne ake samun ayyukan yi, domin lita ɗaya ta fetur da zarar ta ƙone ta tafi, ita kuwa robar da aka narka ta zama bututu tana ba mai ƙera ta aiki, ta ba mai sayar da ita, ta ba mai haɗa famfo, sannan ta yi shekaru tana kai ruwa.

Waɗanda suka tsara matatar Kaduna sun fahimci wannan. Kamfanin Chiyoda na Japan ne ya gina ta, aka buɗe ta a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana, daga baya aka ƙara zuwa 110,000. An raba ta gida biyu. Ɓangare ɗaya yana tace man Najeriya ya ba da fetur da kananzir da dizal. Ɗaya ɓangaren kuma an gina shi ne don ɗanyen mai mai nauyi da ake sayowa daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya, a sauke shi a Escravos, a turo shi ta bututu fiye da kilomita 600 zuwa Kaduna, domin a fitar da man juye da kaki da kwalta. A cikin matatun gwamnati huɗu, biyu a Fatakwal da ɗaya a Warri da ita, ita kaɗai aka ba wannan aiki. A 1988 aka ƙara mata sashen da ke yin sinadarin da ake haɗa garin sabulun wanki da shi, tana kuma da wurin ƙera duro da gwangwani. Masaƙun Kaduna, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 har zuwa UNTL, da baƙin mai suke hura tukwanensu, kuma ƙarancinsa da tsadarsa na cikin dalilan da suka durƙusar da su, tare da rashin wuta da kwararowar yadin fasa-ƙwauri. Da matatar ta yi shiru, fetur ya ci gaba da zuwa daga waje da tallafin gwamnati, amma kwalta da man juye da sinadarin sabulu sai da dala a kasuwa. Ga shi kuwa ƙasar tana da tarin kwaltar ƙasa a jihohin Ondo da Ogun da har yanzu ba a ci moriyarta ba.

Idan aka tattara waɗannan, amfanin mai a gari irin Madakiya ya kasu uku. Akwai inda ake ƙona shi alhali akwai abin da zai iya maye gurbinsa a yau: hasken ɗaki, cajin waya, ƙaramin janareton mai aski da mai shagon sanyi, famfon rijiyar burtsatse, injin ban ruwa a fadama. Akwai inda ake ƙona shi kuma madadin bai iso ba tukuna: tarakta, tirela, injin niƙa da na casa a ƙauyen da babu layin wuta, babur ɗin da ke shiga gona, da tukunyar girki. Akwai kuma inda ba a ƙona shi sam, ake mayar da shi kaya: taki, kwalta, roba, magani, man juye. Hankali zai ce a rage na farko, a sauƙaƙa na biyu, a gina masana'antar na uku. Abin da aka yi shekara da shekaru ya saɓa wa haka. A 2022 kaɗai kamfanin NNPC ya ce an kashe naira tiriliyan 4.39 a tallafin fetur, man da mafi yawansa motocin birni da janaretoci ke sha, wani kuma ya tsallaka iyaka. A wannan shekarar dizal, wanda shi ke ɗauko abinci da taki, ba shi da tallafin ko kwabo, kananzir ma haka, kuma titunan karkara suna jiran kwalta.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan ra'ayi ita ce, a karkara fetur ba kayan alatu ba ne. Ɗan acaɓa da shi yake ci da iyalinsa, mai Keke Napep tsakanin Madakiya da Kafanchan da shi yake fita, mace mai naƙuda a kan babur ake kai ta asibiti, kuma da ya yi tsada komai ya bi shi. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san halin da mutane suka shiga ba tun 2023. Ƙari a kan haka, janye tallafi ya tafi da tsarin daidaita farashi da aka kafa wa asusu tun 1975, wanda ke biyan kuɗin dakon mai zuwa garuruwa masu nisa, don haka mutumin Kudancin Kaduna yanzu yana biyan fiye da na Legas a kan lita ɗaya. Amma amsar wannan ciwo tana cikin rage nisa da tsadar dako. Babur ɗin da ke bin hanya mai kyau ya fi wanda ke kokawa da taɓo da ramuka tsimin mai da kayan gyara. Layin dogon Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda aka ƙaddamar da gyaransa a watan Maris na 2021 kuma ta Kafanchan ya ratsa, zai iya ɗauko mai da taki da siminti a taragu da kuɗin da bai kai na tirela ba. Tallafin lita yana ƙarewa ranar da aka ƙone litar, titi da layin dogo kuwa suna rage kuɗin kowace tafiya har tsawon shekaru.

Hujja ta biyu ita ce, sauya janareto da sola magana ce ta masu kuɗi, domin farantai da batir sai da jari mai kauri a tashin farko. Wannan ma haka yake, kuma shi ya sa sauyin ya fi saurin kankama a inda lissafinsa ya fito fili, kamar famfon ruwa, wanda da rana yake aiki, ba ya buƙatar batir, tankin sama ne ma'ajiyarsa. Mai shagon da ke sayen lita biyu ko uku kullum ya riga yana biyan kuɗin sola, sai dai a gutsure yake biya kuma ba ya mallakar komai a ƙarshe. Abin da ya rasa shi ne bashin da zai biya sannu a hankali, kuma wannan aiki ne da ƙungiyoyin adashe da na manoma da bankunan al'umma za su iya yi. Yankin ma ba baƙo ba ne ga wutar da ba ta mai ba. Tun wajejen 1930 ake samar da lantarki daga ruwan Kurra a maƙwabciyar jihar Filato, kuma madatsar Gurara da ke cikin jihar Kaduna an gina mata tashar megawat 30.

Hujja ta uku daga masu kula da muhalli take: duniya na ƙoƙarin rabuwa da mai, roba kuma ta zama annoba, to me ya sa za a nemi ƙarin masana'antarta? Ɓarnar a bayyane take. Leda ta toshe magudanun ruwa, tana kashe awaki da shanun da suka haɗiye ta, tana kwance a gonaki ba ta ruɓa, kuma a duniya baki ɗaya kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Baƙin man da bakanike ya juye daga inji yakan ƙare a kwata, daga nan ya gangara rafi. Sai dai a bambanta tsakanin robar da ake amfani da ita minti biyar a yar, da wadda ke yin shekara ashirin a ƙarƙashin ƙasa tana kai ruwan sha. Ruwanda ta hana ledar zuba kaya tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Legas ta hana robar zuba abinci ta soso a farkon 2024, kuma babu ɗayansu da ta hana sirinji ko bututu. Game da ɗumamar yanayi kuwa, babbar matsalar daga ƙonawa take, don haka rage ƙona mai a inda akwai madadi, da daina ƙona gas a banza a mayar da shi taki da makamashin girki, tafiya ɗaya suke da abin da masu muhalli ke nema.

Hujja ta huɗu ita ce, matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana, wadda ta fara ba da fetur a watan Satumban 2024, ta rufe wannan babi, kuma ci gaba da zuba kuɗi a matatun gwamnati asara ce. Wanda ya faɗi haka yana da abin nunawa: tsohuwar matatar Fatakwal da aka sake buɗewa a watan Nuwamban 2024 bayan kwangilar dala biliyan ɗaya da rabi an sake rufe ta a watan Mayun 2025, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ni ma ban ga dalilin da zai sa a yi ta gyaran matatar Kaduna don ta yi gasar fetur da ta Lekki ba. Abin da ya kamata a auna kwangilar da aka ba kamfanin Daewoo a 2023 da shi shi ne ko za ta dawo da ɓangaren man juye da kwalta da sinadarin sabulu, waɗanda ƙasar ke sayowa daga waje. Idan gwamnati ba za ta iya ba, ta miƙa wa wanda zai iya, bisa sharaɗin da jama'a za su gani. Sannan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara a 2020, zai fi amfani idan aka kafa masana'antar taki da ta roba a bakinsa, kusa da gonakin da ke buƙatarsu, maimakon buhun yuriya ya yi tafiyar fiye da kilomita 800 a bayan tirela kafin ya iso Kafanchan.

Dogaro da tanka yana da wani farashin da ba a rubutawa a allon gidan mai. A Majiya ta jihar Jigawa, a watan Oktoban 2024, fiye da mutum 150 suka mutu lokacin da tankar da ta faɗi ta kama da wuta suna ɗibar mai, a Dikko ta jihar Neja kuma fiye da 80 suka rasu a irin wannan hali a watan Janairun 2025. A da akwai bututun da ke kai tataccen mai zuwa ma'ajiyun Kaduna da Jos da Suleja, kuma lalacewarsu ce ta cika tituna da tankoki. Fetur ɗin 'yan bumburutu a galan a bakin hanya, da wanda ake ajiyewa a ɗaki kusa da murhu, da kananzir a kwalbar lemo inda yara ke kaiwa, ƙananan rassa ne na wannan matsala, kuma maganinsu yana hannun masu unguwa da limamai da fastoci da ƙungiyoyin 'yan acaɓa kafin ya kai ga hukuma.

Don haka idan ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ko mai neman ƙuri'a ya zo Madakiya, tambayar farashin lita ba za ta ɓace ba, kuma bai kamata ta ɓace ba. Amma shi ba shi da iko a kan farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya ko darajar naira, zai yi alkawari ne kawai ya wuce. Akwai tambayoyin da yake da ikon amsawa, kuma ana iya bin sawunsu da ido. Kilomita nawa na hanyar gona za a zuba wa kwalta bana, kuma wace hanya ce? Taki zai iso kafin shuka ko sai masara ta yi bunƙasa? Rijiyoyin burtsatse nawa da asibitocin ƙauye nawa za a cire wa janareto a sa musu sola? Ina za a kafa wurin ɗura gas ɗin girki mai lasisi, kuma wa zai taimaka wa mata su mallaki tukunyar farko? Wa ke tattara baƙin man garejin Kafanchan da ledar kasuwa? Me wakilan yankin a Abuja suka ce game da layin dogo da matatar Kaduna? Ƙungiyoyin manoman citta da na mata da na matasa su rubuta waɗannan tambayoyi, su karɓi amsa da adadi da kwanan wata, su kuma sake zama da mai alkawarin bayan kaka a duba abin da aka cika.